Tsohuwar kwamfutar ofis da katin hoton da ya dace da ita

Kwamfutar da ke kan teburina ba don wasa aka ƙera ta ba. Dell OptiPlex 7010 ce, mai siririn akwatin nan, irin waɗanda ofisoshi da makarantun Turai da Amurka suke rabuwa da su ɗari-ɗari idan sun sabunta kayan aiki, 'yan kasuwa su lodo su a kwantena su sauke a Legas, daga can kuma su watsu zuwa shagunan Kano da Kaduna da sauran garuruwa. A cikinta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i5-3470 na kamfanin Intel, wanda ya fito tun 2012, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, giga 4 a sanda guda, da tsohon hadi dis mai gurnani idan ya tashi aiki. Na saye ta a 2021 don rubuce-rubuce da lissafi, kuma da na tsaya a kan wannan niyyar, da yau ba ni da labarin da zan bayar. Sai ƙanena ya zo hutu ya zuba mata wasan ƙwallo na PES, muka zauna muna kallon 'yan wasa suna ɗingishi, ƙwallo tana ɓacewa a nan tana ɓulla a can ba tare da ido ya ga tafiyarta ba. Ya ajiye abin bugawa ya ce, “Yaya, wannan ai ba wasa ba ne, hoton bango muke kallo. Sai an sa mata girafik.”

Abin da 'yan kasuwa ke kira girafik shi ne katin hoto, wato wani allo na daban da ake cusawa a gurbinsa a kan babban allon kwamfuta da ake kira madabod, wanda aikinsa kawai zana abin da zai bayyana a sikirin. Motsin da muke gani a wasa hotuna ne da ake jerowa da sauri ɗaya bayan ɗaya. Idan kwamfuta tana iya zana 60 a sakan guda, ido zai ga tafiya sumul. Idan 30 ne, ana iya haƙuri. Idan kuwa aka gangaro ƙasa da 20, to ɗingishin da muka gani ke nan. Furosesana yana da ɗan sashen zane a jikinsa, wanda ake kira HD Graphics 2500, amma an yi shi ne don buɗe takardu da kallon bidiyo, kuma ba shi da ma'ajiya tasa, daga RAM ɗin kwamfuta yake ara.

Ban san cewa na shiga kasuwa a mafi munin lokaci ba. A 2021 katin hoto ya yi tsada a duniya baki ɗaya, saboda ƙarancin kayan haɗa na'urori da ya biyo bayan annobar korona, ga kuma masu haƙar kuɗin kirifto, musamman Ethereum, suna kwashe duk katin da ya fito. Har tsofaffin katuna da aka daina waiwaya suka yi daraja. Kuɗin da ke hannuna bai kai ko'ina ba, don haka na karanta kaɗan a gurguje, na ga ana yabon GT 1030 na kamfanin Nvidia a matsayin katin talaka, na je wani shago na ce shi nake so. Mai shagon ya ɗauko shi a kwalinsa, an rubuta GT 1030, giga 2, kamar yadda na karanta. Na biya na dawo gida ina murna.

Wasan ya ɗan gyaru, amma ko kusa bai kai abin da na gani a bidiyon masu gwaji ba. Na kwana biyu ina zargin direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ina zargin Windows, ina zargin zafi, kafin na sauke wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna GPU-Z, wadda take bayyana ainihin abin da ke cikin kati. A gurbin nau'in ma'ajiya sai na ga an rubuta DDR4. Ashe GT 1030 iri biyu ne masu suna ɗaya. Na asali, wanda ya fito a 2017, yana da ma'ajiya GDDR5 mai iya wuce da bayanai kimanin giga 48 a sakan guda. A 2018 aka fitar da wani mai DDR4, wanda bai kai giga 17 a sakan ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan, kuma a wasanni da dama aikinsa bai fi rabin na ɗan'uwansa da yawa ba. An rubuta nau'in a gefen kwali da ƙananan haruffa, ni ne ban san ana dubawa ba. Da na koma shagon, mai shi ya ce abin da na ambata da bakina shi ya ba ni, kuma a wannan ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Wannan ya koya mini abin da har yanzu nake ganin yawancin masu saye ba su gane ba, wato cewa adadin giga da ake rangaɗawa a gaban kwali shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin lambobin ƙaramin kati. A kasuwa za ka ji ana cewa, “Wannan fo gig ne, wancan tu gig ne kawai,” kamar dai zancen ya ƙare. Akwai GT 730 mai giga 4 na DDR3 da ake sayar wa mutane da wannan kirarin, alhali GTX 750 Ti mai giga 2 ya ninka shi ƙarfi sau da yawa. Ma'ajiya kamar rumbu take: girmansa ba ya amfanar da kai idan ƙofarsa ƙarama ce, kuma mai ɗiban hatsin yaro ne. Abin dubawa shi ne ƙarfin injin zanen kansa, da nau'in ma'ajiyar, da faɗin hanyar da ke tsakaninsu. Shi ma GT 730 ɗin ba iri ɗaya ba ne, an sayar da injuna daban-daban a ƙarƙashin sunan, har da wanda aka gina a kan tsohon tsarin Fermi na wajen 2010. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Da na koma neman kati na biyu, sai na fara daga inda ya kamata in fara tun farko, wato na buɗe akwatin kwamfutar na dubi abin da za ta iya ɗauka. A nan ne duk zancen yake, a ganina, domin mai tsohuwar kwamfutar ofis ba shi ke zaɓar kati ba, wutar kwamfutar da faɗin akwatinta su ke zaɓa masa. Fawa fak ɗin tawa, wato akwatin da ke rarraba wuta a cikinta, wat 240 ne kacal, kuma babu wayar nan mai baki 6 ko 8 da manyan katuna suke buƙata don ƙarin wuta. Shi kuwa gurbin PCIe da ake cusa katin, iyakar abin da ƙa'idarsa ta yarda ya bayar wat 75 ne. Saboda haka duk katin da ke cin fiye da wat 75 ya fita daga lissafi tun kafin a yi maganar kuɗi. Sannan akwatin siriri ne, dogon kati ba zai bari murfi ya rufu ba, sai gajere mai gajeren ƙarfen baya, wanda 'yan kasuwa ke cewa lo furofayil. A wasu samfuran ma gurbin yana manne da fawa fak, ta yadda kati mai kauri ba zai sami wurin zama ba ko da gajere ne, don haka awo da rula kafin a fita kasuwa ba ɓata lokaci ba ne. Wasu kan ce a canza fawa fak ɗin kawai, amma na irin waɗannan ƙananan akwatuna siffarsa daban ce, wasu samfuran kuma mahaɗin wutarsu ba irin na gama-gari ba ne.

Idan aka tace da wannan rariyar, katunan da suka rage 'yan kaɗan ne, kuma kusan dangi ɗaya ne. Kakansu shi ne GTX 750 Ti na watan Fabrairun 2014, wanda ya zo da tsarin Maxwell, yana cin wat 60, aka sa masa dala 149. Ya nuna cewa ana iya mayar da kwamfutar ofis ta wasa ba tare da an taɓa wayar wuta ba. Bayansa sai GTX 1050 Ti na Oktoban 2016, mai giga 4 da wat 75, a kan dala 139. Sai GTX 1650 na Afrilun 2019, shi ma giga 4 da wat 75, wanda a ƙarshen 2022 ya zama katin da aka fi amfani da shi a ƙididdigar da dandalin sayar da wasanni na Steam ke fitarwa duk wata, bayan GTX 1060 ya shafe shekaru yana riƙe da kambun. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu buga wasa a kan ƙananan katuna ba tsiraru ba ne, ko a ƙasashen da ake ganin suna da hali. A 2024 kuma aka fitar da RTX 3050 mai giga 6, wanda ke cin wat 70, amma farashinsa a naira ya fi na kwamfutata gaba ɗaya. Daga ɓangaren kamfanin AMD, abokin gogayyar Nvidia, akwai RX 6400 na 2022, mai cin wat 53, wanda a takarda ya yi kama da abin da tsohuwar kwamfuta ke jira, sai dai layuka huɗu kawai yake amfani da su na PCIe, kuma an tsara shi ne don zubi na 4. A madabod irin nawa mai zubi na 3, hanyar tana raguwa da rabi, kuma da zarar wasa ya cika giga 4 ɗin sai ya soma sarƙewa.

Na tsayar da shawara a kan GTX 1050 Ti, kuma a wajen nemansa ne na ga abin da ya fi DDR4 muni. Wani yaro a bakin wani shago ya nuna mini kati a leda, fankoki biyu, an manna takarda mai sunan 1050 Ti, farashin kuma bai kai rabin na sauran ba. Ko da yake dogo ne, ba zai shiga akwatina ba, araha ta ja ni har na fara tunanin barin murfi a buɗe. Na roƙe shi muka je wurin wani dattijon mai gyara da na saba kai wa aiki. Bai ma jona shi ba, ya juya bayansa kawai, ya sa yatsa a kan shuɗin mahaɗin nan na VGA mai huji 15.

“Malam, ka taɓa ganin 1050 Ti na gaskiya da wannan bakin?” in ji shi.

Na ce, “Injiniya, ni ban san komai a nan ba, shi ya sa na kawo maka.”

Ya ce katunan Nvidia na wannan zubin sun daina fitar da hoto ta tsohuwar hanyar VGA, don haka ganin bakin kaɗai ya isa a yi shakka. Ya kwance sukurori huɗu, ya ɗaga fanka, ya goge busasshen man da ke kan injin da tsumma, ya haska mini lambar da ke jiki da tocilar waya. Tsohon injin GTS 450 ne na 2010, an sauya masa manhajar ciki don ya riƙa gaya wa Windows sunan da ba nasa ba. Irin waɗannan katuna suna tashi, suna nuna hoto, har direba mai zuwa a faifai yana hawa, amma da wasa ya nemi ma'ajiyar da ta wuce ta gaskiyar da ke ciki sai ya rufe ko sikirin ya cika da zane-zane. GPU-Z ma tun 2018 take sa wa irinsu alamar jabu. Yaron ya rantse cewa shi ma haka aka ba shi, kuma na yarda da shi, domin kama da wane ba ta wane, amma ba kowa ke da idon bambancewa ba.

Na gaskiyar sai a farkon 2023 na same shi, na hannu, gajere, kuma na yi sa'a na riga faɗuwar naira da ta biyo bayan sakin farashin canji a watan Yunin wannan shekarar. Kafin in biya sai da aka jona shi a gabana, aka buɗe GPU-Z na ga ƙananan injunan zane 768 da ma'ajiya GDDR5, kamar yadda na gaskiya yake, aka bar wasa yana gudana kusan rabin awa ina sauraren fanka ina kallon ma'aunin zafi. A gida na cire wuta, na danna maɓallin kunnawa don sauran cajin ya fita, na ɗaga ɗan ƙarfen da ke riƙe katuna, na danna shi a gurbi har makullin ya yi ƙas. Tsakaninsa da abin da ke kusa da shi bai fi kaurin yatsa ba. Kuskuren da na yi a daren, wanda na ji mutane da yawa sun yi, shi ne na bar wayar sikirin a tsohon bakin madabod, na zauna ina mamakin yadda ba abin da ya canza.

Sai dai kati shi kaɗai bai gama aikin ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da RAM giga 4 da tsohon hadi dis, GTA V yana tafiya da kyau har sai ka hau mota ka taka wuta, sannan titi ya ɓace a gabanka saboda ba a gama ɗauko shi daga ma'ajiya ba. Na cike gurabe huɗun da sanduna masu giga 4, ya zama 16, wanda kuma ya sa RAM ɗin yake aiki ta hanya biyu maimakon ɗaya, sannan na sa SSD, ma'ajiyar da ta fi hadi dis sauri, na mayar da Windows da wasannin da na fi bugawa a kai. Kuɗin waɗannan biyun bai kai rabin na katin ba, amma da za a ce in zaɓi abin da zan fara saya a yau, da su zan fara, domin amfaninsu ya shafi kowane aiki, ba wasa kaɗai ba.

Abin da wannan haɗin yake iya bugawa ya fi yadda ake zato. Kusan duk wasan da ya fito kafin 2017 yana tafiya a girman hoto na 1080p ba tare da wahala ba, idan mutum bai nace sai ya kai kowane saiti ƙololuwa ba. GTA V, wanda ya zo kwamfuta a 2015, da Skyrim, har ma da PES 2021, duk lafiya lau. The Witcher 3 yana son a sassauta masa kaɗan. Sirrin yana wajen sanin abin da za a rage. Inuwa, da hasken da ke dawowa daga ruwa ko gilashi, da yawan ciyawa, da gyaran gefen hoto irin na MSAA, su ne masu cinye ƙarfin kati, kuma a tsakiyar wasa ba wanda yake tsayawa ya ƙirga ganyen bishiya. Kyan fatar abubuwa kuwa ma'ajiya yake ci, ba ƙarfi ba, don haka mai giga 4 yana iya barinsa a sama. Na kuma gano cewa hoto 40 a sakan da ba ya hawa ba ya sauka ya fi daɗin hannu a kan wanda ke tsalle tsakanin 35 da 70, shi ya sa nake ƙayyade shi da kaina. A sababbin wasanni akwai FSR, dabarar da AMD ta fitar a watan Yunin 2021, wadda ke zana hoto a ƙaramin girma sannan ta faɗaɗa shi, kuma tana aiki har a katunan Nvidia irin nawa, saɓanin DLSS, irinta ta Nvidia, da sai mai katin RTX. A 1080p hoton yana ɗan dusashewa, amma da babu gara ba daɗi.

Abokai da dama sun ce na yi wauta da ban sayi RX 580 ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Bayan Ethereum ya daina dogaro da haƙa a watan Satumban 2022, katunan masu haƙa suka malalo kasuwa, RX 580 mai giga 8 ya yi araha ƙwarai, ga shi ya fi 1050 Ti ƙarfi nesa ba kusa ba. Ga mai babban akwati da fawa fak na wat 500, ban ga abin da ya fi shi a wannan kuɗin ba, matuƙar ya gwada shi da kyau, domin da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana, wasu kuma samfurin 2048SP ne da aka yi wa kasuwar Sin, wanda yawan injunansa na RX 570 ne, ba 2304 na cikakken 580 ba. Amma katin yana cin wat 185 shi kaɗai, kuma a nan ne lissafinmu ya bambanta da na masu gwaji a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Kwamfutata da sikirinta, a tsakiyar wasa, ba su cika wuce wat 200 ba. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200, idan ba a son a kashe shi da wuri, kimanin rabin abin da ke cikinsa ake sha, wato abin da zai riƙe ni wajen awa biyar zuwa shida. Da babbar kwamfuta mai RX 580, wadda za ta haura wat 300, awa uku da 'yan mintuna ne, kuma fankar ɗaki da fitila suna jiran rabonsu daga batirin nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da janareto don wasa ya zama abin da sai ka dubi idon mutanen gida kafin ka yi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Zafi da ƙura kuwa su ne abokan gabar da ba su hutawa. Siririn akwati ba ya samun iska sosai, kuma a watannin Maris da Afrilu ɗakina da rana kamar tanda yake. Idan kati ya yi zafi da yawa yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, sai ka ga wasan da ya fara lafiya ya soma ja da baya bayan minti ashirin. Lokacin hunturu kuma ƙura ce take shiga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta toshe su kamar auduga. Duk bayan wata biyu nakan fitar da ita tsakar gida in hure da bulowa, ina riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, kuma sau ɗaya na canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda na tarar ya bushe ya zama kamar alli. Na ɗaga ta daga ƙasa na ɗora a kan tebur, wannan kaɗai ya rage ƙurar da take zuƙa.

Yanzu dai bangon da ke gabanta ba na ƙarfi ba ne kawai. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na 8, nawa kuwa na 3 ne. A wannan watan ne kuma Nvidia ta kawo ƙarshen direbobin da ake gyarawa don sababbin wasanni ga katunan Maxwell da Pascal, wato har da 750 Ti da 1050 Ti, sai gyaran tsaro kawai zuwa 2028. GTX 1650 ya tsira saboda tsarinsa Turing ne, kuma wannan dalili ne mai kyau na fifita shi ga wanda zai saya yau. Furosesana ba shi da umarnin AVX2, wanda ya fara zuwa da zubi na 4 a 2013, kuma wasu sababbin wasanni ba sa ko tashi idan babu shi. FIFA 23 ma ya sa 1050 Ti a matsayin mafi ƙarancin katin da zai karɓa, tare da furosesan da ya fi nawa. Doom: The Dark Ages na 2025 kuwa ba ya buɗewa sam sai a katin da ke da sashen bibiyar haske a jikinsa, don haka babu saitin da za a rage a samu shiga.

Ina tara kuɗin wata kwamfutar ofis ɗin mai furosesa na zubi na 8, kuma katin nan zai koma cikinta idan awo ya nuna zai shiga. Tsohuwar kuma ƙanena ya riga ya sa mata rana, har ya tambaye ni ko GT 1030 ɗin nan yana nan. Na ce yana cikin durowa a kwalinsa, amma mai DDR4 ne. Ya ce, “Yaya, PES 2017 zan buga, a 720p. Kawo shi.”